Yadda Na Ci Gasar Keke Ina Zaune a Ofis

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai, da wata Juma'a da na kasance a wuri biyu lokaci guda, a gaban shaidu sun fi hamsin. Ba karama ba ce, kada wani ya zo neman tubarraki. Kishi ne ya kai ni, kishin da ko matata ban faɗa wa ba sai da abin ya fashe.

Wanda nake kishin kuwa Nasiru ne. Ya zo ma'aikatarmu da ke Garki shekara shida bayan zuwana. Ni na nuna masa inda ake sa hannu da safe, ni na nuna masa mai abincin da miyarta ba ta ɓata ciki. Mutum ne mai ladabi, kullum "Yallaɓai ina kwana", ga fara'a, ga iya aiki, sannan ba shi da tumbi ko na rantsuwa. Duk wannan na haƙura na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya ya faro ne da zuwan sabon Darakta.

Shi Daraktan, likita ne ya ce masa ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, sai ya zaɓi keke. A Abuja kuwa, in oga ya so abu, to kowa dama can yana son abin tun yana goye. Cikin mako biyu, mutanen da rabonsu da keke tun na haya a firamare suka fara zancen taya da birki a bakin masallaci. Sai aka gano ashe Nasiru ya daɗe a harkar. Yana da keke mara nauyi da za ka ɗaga da yatsa biyu, yana da wata 'yar na'urar GPS da yake ɗaurawa a kan keken tana faɗa masa nisan da ya yi da gudun da yake yi, har da bugun zuciyarsa. Darakta ya gani, ya riƙe baki. Daga ranar Nasiru ya zama "Kyaftin". A shiga taro, kafin a buɗe fayil sai an tambayi Kyaftin wace irin hular kwano ce ta fi. Ni kuma da na shekara goma sha huɗu ina hawa da sauka da fayil, in Darakta zai aika a kira ni cewa yake, "Ku kira mini wannan na ɗakin ƙarshen."

Na ɗakin ƙarshe. Da sunana, da na mahaifina, da digirina biyu. (Ɗakin nawa shi ne na ƙarshe, gaskiya ne, kusa da banɗaki. Amma ba nan gizo ke saƙar ba.) Abin da nake so a duniya a lokacin bai wuce guda ɗaya ba: Darakta ya kira sunana a gaban jama'a, Nasiru yana tsaye yana ji.

Ana nan sai aka sanar da gasa ta wata guda. Kowa zai sa wata manhaja a wayarsa, in zai hau keke ya danna koren maɓalli, in ya sauka ya danna ja. Manhajar ta bi sawunsa da GPS, ta auna nisan, ta zana hanyar da ya bi a taswira, sannan ta jera sunayenmu, mai yawan kilomita a sama. Wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen wata, Darakta da hannunsa zai miƙa masa kofi. Sunday na sashen kwamfuta aka ba kula da jerin.

Wallahi da gaskiya na fara. Na sayi keke, na sayi hular kwano, na sayi irin matsattsen wandon nan da in ka sa ba ka da sauran sirri. Ranar da na fara fitowa da shi daga ɗaki matata ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Baban Hanifa, don Allah ka ɗora jallabiya har ka wuce layinmu." Na fita bayan asuba, na zaga Area 2, na shiga Area 3, numfashina ya fara fita da wata ƙara da ban san ina da ita ba. Na tsaya wajen mai masa don in huta, hutun ya zama masa shida da miya. Da na koma gida na duba, kilomita bakwai. Na ji kamar na je Kaduna na dawo. Sai na buɗe jerin na ga Nasiru ya yi arba'in da biyu a safiyar, kuma ya iso ofis kafin ni.

Ƙarshen makon farko ni ne na goma sha tara cikin mutum ashirin da ɗaya. A samana akwai wata Hajiya da ke zagaya harabar gidansu da keken ɗanta. Jerin nan ya zame mini ciwo. Ina cin abinci ina dubawa, ina taro ina dubawa ta ƙarƙashin tebur, har a sahun salla sai na ji hannuna yana son aljihu. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk 'yar tafiyar da na yi, Nasiru ne na farkon danna mini alamar yabo, ya rubuta a ƙasa: "Da kyau Yallaɓai, a hankali ake farawa." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na yi tunanin sa wayar a mota, amma wani a sashen kuɗi ya riga ni gwadawa. Manhajar ta nuna yana gudun tamanin a kan keke, Sunday ya cire shi daga gasar, aka yi mako guda ana kiransa jirgin sama. Wato ana bukatar keke na gaske, da ƙafa ta gaske. Ba a dai ce lallai ƙafar mai sunan ba, in ji wata murya a zuciyata, wadda yanzu na san ko ta wace ce.

A ƙofar masallacin ma'aikatarmu akwai Malam Tanimu mai turare. Dattijo ne da zai kai hamsin da biyar, siriri, busasshe, ɗan ƙasar Katsina. Yana shimfiɗa buhu ya jera turare da carbi da asuwaki da huluna, daga hantsi zuwa la'asar. Na yi shekara da shekaru ina wuce shi, ban taɓa lura da abin da ke jingine a bayansa ba sai a makon nan: wani tsohon baƙin keke mai sanda, da akwatin katako ɗaure a kariya. Na tsuguna kamar mai zaɓen carbi.

"Malam Tanimu, wai daga ina kake zuwa ne kullum?"

"Daga Dei-Dei, Alhaji. Bayan 'yan katako."

"A kan wannan?"

"To a kan me? Shekarata goma sha ɗaya da shi. In biyo ta Gwagwa, in faɗo Karmo, sai ga ni."

"Kullum? Zuwa da komawa?"

"Ban da Lahadi. Ita ce ta wanki."

Na yi lissafin nisan a kaina. Mutumin nan yana yin fiye da abin da Nasiru ke yi, da akwati a baya, da silifas a ƙafa, kuma duk kilomitocin nan zubewa suke a banza babu mai rubutawa. A lokacin har gani nake taimakon su zan yi.

Washegari na zo da tsohuwar wayata, na sa mata manhajar da sunana, na sa mata data. Sai dai ban iya duban dattijon nan in ce masa ya taya ni maguɗi ba. Na san irinsu, zai ce a'uzubillahi ya kuma daina sayar mini da turare. Don haka na yi abin da ya fi maguɗin muni. Na rage murya na ce masa gwamnati ce ke wani aiki na sirri, ana auna ramukan hanyoyin bayan gari don a san waɗanda za a gyara. Wayar nan an sa mata abin da ke jin girgiza, duk ramin da keke ya bi ta kai sai ta rubuta. Ana neman amintaccen mutum mai bin hanyar Dei-Dei kullum, ni kuma na ba da sunansa. (Ma'aikatarmu ba ta da haɗi da hanya ko na anini. Ko ramin da ke bakin ƙofarmu mun kasa cikewa.)

Malam Tanimu ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. "Alhaji, ni aka zaɓa?" Na ce shi fa. Ya ce, "Allah ya ba ni ikon riƙe amana." Na ce amin, da bakina.

Tsarin ya tafi daidai. Da safe ya danna kore ya taho, in ya iso ya kawo mini wayar in danna ja in sa ta a caji a ofis, da la'asar in mayar masa ya koma da ita. Taswirar kuwa na ɓoye ta, don manhajar tana da wurin da za ka hana kowa ganin hanyarka, jimillar kawai za a gani. Da Sunday ya tambaye ni dalili na ce masa saboda tsaro, ka san halin da ake ciki. A Abuja in ka ce tsaro babu mai ƙara tambaya.

Cikin kwana biyar na tashi daga na goma sha tara na koma na shida. Na wuce Hajiya ko waiwaye babu. Mako na uku ina na biyu, ina huci a ƙeyar Nasiru, ni da ko sirdin kekena ban taɓa ba tun makon farko. Na koyi tafiyar 'yan wasa, ina ɗan ɗingishi a matakala ina cewa cinya ce ta riƙe. Na sayi gorar ruwa mai bututu ina yawo da ita ofis-ofis.

Wani abu ya ɗan ba ni mamaki a makon nan na uku. Nisan da Malam Tanimu ke yi ya fara ƙaruwa. Hanyar da na san tsawonta sai ta ƙara kilomita takwas, gobe goma sha biyu. Ya fara isowa a makare, wata rana da ƙurjewa a gwiwar hannu, tayar gaba tana rawa. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya yi murmushi ya ce, "Aikin gwamnati ne, Alhaji, sai da haƙuri." Mai hankali zai tsaya ya bincika. Ni kuwa abin da na ji kawai shi ne kilomita goma sha biyu, na ce masa ya ci gaba, manya suna yabawa.

Ranar da na hau saman jerin, Nasiru ya same ni a ofis. Ya rame, idonsa ya faɗa, don ya koma hawa safe da yamma yana ƙoƙarin kamo ni. Zan so in ce na ji tausayinsa. Daɗi na ji, irin daɗin da ke sa mutum ya kasa haɗa ido da madubi.

"Yallaɓai, gaskiya ka ba ni mamaki," ya ce. "Na ɗauka na san keke, ashe wasa nake. Don Allah Asabar ɗin nan mu fita tare in koyi wani abu."

"Ai ni ni kaɗai nake horo, Nasiru. Surutu yana rage mini gudu."

"To mene ne sirrin? Ko abinci ne?"

"Dabino bakwai da ruwan ɗumi," na ce, ina kallon silin. "Da kuma sa kai."

Ya fito da waya ya rubuta. Ya rubuta fa, a gabana.

Ranar Alhamis aka rufe gasa. Tafiyar Malam Tanimu ta komawa gida da yammar nan ita ta ba ni ratar ƙarshe, na wuce Nasiru da kilomita ashirin da ɗoriya. Ku riƙe wannan: tunda sai da ya koma da wayar aka samu ratar, wayar a hannunsa ta kwana. Ni kuma ina can ina goge hular kwano, ban ce masa aikin ya ƙare ba.

An sa bikin ƙarfe tara na safiyar Juma'a a filin ajiye motoci. An kafa rumfa, an jera kujeru, Sunday ya jawo wayar wuta ya kafa babban talabijin don nuna jerin. An ce 'yan gasa su zo da kayan hawa, don haka na zo da wandon nan, ba jallabiya. Darakta bai iso ba sai sha ɗaya da rabi. Ya yi jawabi a kan lafiya, ya yi a kan juriya, sannan ya ce akwai wani bawan Allah a cikinmu da ba ya surutu, ba ya nuna kai, amma ya koya wa matasa darasi. Ya duba takarda, ya kira sunana. Bai faɗe shi daidai ba, amma nawa ne. Na tashi ina jin tafi har cikin ƙashina. Na saci kallon Nasiru, na ga yana tafawa da gaske, har da miƙewa tsaye. Ko wannan sai da ya ɓata mini rai, don so nake in ga ya haɗe fuska.

Kofin yana hannuna, mai hoto yana gyara tsayuwa, sai Darakta ya ce, "Sunday, nuna mana hanyoyin da gwarzon namu yake bi, mu ma mu koya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai saboda tsaro..."

"Wane tsaro? Nan duk 'yan gida ne. Ba shi wayarka."

Wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san babu amsar wannan. Na miƙa wayata ta hannu, wadda ita ma sunana ne a manhajarta. Sunday ya jona ta da talabijin, ya buɗe taswira. Garki ba ta ko fito ba da farko. Dei-Dei ce ta cika allon, an zane ta da jan layi lungu-lungu, ya shiga nan ya fita can ya dawo, kamar taliya ta zube a tabarma. Wani daga baya ya ce, "Ashe Yallaɓai ɗan Dei-Dei ne." Aka yi 'yar dariya. Na ce ina son iskar wajen ne.

Sai Sunday ya matsa kusa da allon, ya karkata kai.

"Oga, wannan abu ya ce kana tafiya yanzu."

A ƙasan taswirar wani shuɗin ɗigo yana motsi, da sunana a kansa, da ɗan hotona ina murmushi. Yana tafe a hankali, ya kusa shataletalen Area 1.

"Matsalar sabis ce," na ce.

"Sabis ba ya shan kwana, oga. Duba, ya sha kwana. Yana zuwa nan."

Mutum hamsin da wani abu suka zuba wa ɗigon ido. Ya miƙo titinmu. Ya tsaya a danja (mai bin doka ne, ba kamar mai sunan ba). Ya taso. Gumi ya karyo mini tun daga cikin hular kwano, ya bi ta baya ya shiga wandon da dama ba shi da wurin ajiye komai. Na yi addu'ar cajin wayar ya ƙare, na yi addu'ar a ɗauke wuta, na tuna janareto ne. Ɗigon ya iso bakin ƙofarmu. Kawuna suka juya gaba ɗaya daga talabijin zuwa ƙofa, sai ga ƙarar ƙararrawa, ƙirrin-ƙirrin, Malam Tanimu ya shigo da akwatinsa yana ɗaga wa maigadi hannu.

Da ya ga taro sai ya sauka ya turo keken. Ya hango ni a gaba, ya ga shigar da ke jikina, ya yi saurin kawar da kai. Sannan ya zaro wayar daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Alhaji ga ta. A yi haƙuri na makara, yau na samu na shiga layin bayan kasuwar shanu."

Darakta ya dubi allon, ya dubi ledar, ya dube ni. Ya ce, "Malam, zo nan. Wannan wayar ta mece ce?"

Malam Tanimu ya dube ni yana neman izini, tunda na ce masa sirri ne. Ni kuwa bakina ya mutu. Sai ya ɗauka shirun nawa izini ne, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, kai ne babban ogan? Ta auna ramuka ce. Ni aka ba amanar ɓangarenmu."

Ya shiga bayani da alfahari. Ya ce da farko hanyarsa kawai yake bi, sai ya ga ai in yana kauce wa ramukan kamar yadda ya saba, na'urar ba za ta ji su ba. Don haka ya daina kaucewa, duk ramin da ya gani sai ya faɗa da keken tsakiyarsa, babba ma sau biyu don ya rubutu da kyau. Ya faɗi ƙasa sau uku, an ɗaure masa tayar gaba sau biyu, amma ba komai. Sannan matarsa ta ɗan faɗa wa makwabciya, magana ta kai ga mai unguwa. Mutane suka riƙa tare shi da asuba, kowa na roƙon ya biyo ta layinsu. Shi ya sa yake zagaye kafin ya kamo hanya, don kada a ce ya yi son kai.

"Suna gaishe ka, ranka ya daɗe," ya ce. "Sun ce in da hali a fara da na bakin Islamiyya. In aka yi ruwa nan yara ke faɗawa."

Da dariya aka yi mini da na gode wa Allah. Babu wanda ya yi. Hajiyar nan ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Darakta ya juyo, ya kira sunana cikakke, da na mahaifina, harafi bayan harafi, wannan karon babu kuskure ko ɗaya. Ya ce, "Ajiye kofin nan." Na nemi inda zan ajiye na rasa, na ɗora shi a kan bonet ɗin motar wani.

Bisa ƙa'ida kofin ya koma hannun Nasiru. Ya karɓa, ya juya, ya miƙa wa Malam Tanimu, ya ce ai mai shi ke nan. Nan fa tafi ya ɓarke, Darakta ya rungume su su biyun, mai hoto ya ce in ɗan matsa gefe ina shiga hoton. Kuma don ku san irin cutar da ke jikina, a cikin wannan halin, ina tsaye ƙasa ta ƙi tsagewa, abin da zuciyata ke cewa shi ne: ka gani ko, ko a nan sai da ya san yadda ya fi ka.

Bayan an sauko Juma'a na sami Malam Tanimu a wajen kayansa. Zuwa lokacin an yi masa bayanin komai. Kofin yana ajiye tsakanin kwalaben turare. Na tsuguna na ba shi haƙuri, na ce zan canza masa taya, zan saya masa sabon keke ma in yana so. Ya daɗe yana jera carbin da dama a jere yake.

"Alhaji, ni jikina ne, ya saba. Na yafe." Ya ɗago. "Amma mutanen can, ni ba ni da bakin da zan gaya musu. Sun yi mini addu'a a masallaci. Kai za ka zo ka faɗa musu da kanka."

Ranar Lahadi na je. Mota ba ta shiga layin, a bakin titi na bar ta na taka. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, dattawa sun fi ashirin, har an sayo mini lemo mai sanyi, don labarin da ya iso shi ne jami'in ramuka zai zo. Na tsaya a gabansu na faɗi gaskiya tun daga farko: babu aikin gwamnati, babu mai zuwa gyara, gasa ce ta ofis, so nake in wuce wani abokin aikina. Mai unguwa ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya yi tambaya guda, a hankali.

"Shi abokin aikin naka, me ya yi maka?"

Na laluba shekara takwas da muka yi tare da Nasiru, ina neman laifi ɗaya da zan iya faɗa a gaban dattawan nan, ban samu ba.

Mai unguwa ya gyaɗa kai, ya ce a miƙo shebur. Ya ce tunda na zo, kuma ga shi an ce ni gwarzon motsa jiki ne, akwai ɓaraguzan gini a bayan masallaci, ga baro, ga ramin bakin Islamiyya. Daga hantsi har la'asar ina turawa ina zubawa, da shaddata mai aiki a wuya, dattawa suna zaune a inuwa suna nuna mini inda bai cika ba. Lemon ma wani ya shanye. Shi ne motsa jiki na gaskiya da na yi a duk watan, kuma babu manhajar da ta rubuta mini ko taku ɗaya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kishin ya fita ba. Yanzu Nasiru da Malam Tanimu tare suke fita ranar Asabar, Darakta kuma ba ya sayen turare sai a wajen Malam, wato a da mutum ɗaya nake kishi, yanzu sun zama biyu. Abin da na koya dai shi ne, in har ka ga ba makawa sai ka yi kishi, to ka yi shi da cinyarka. Kada ka ari ta mai gaskiya, don shi zai yi aikin ne tsakaninsa da Allah, ya kuma kawo maka sakamakon har gaban oga.